Shekarar da Na Dasa Dawar Lawal

Ruwan farko na bana ya sauka ne wata Talata da la'asar, ina zaune a ƙofar makarantar da nake gadi. Bai isa a kira shi ruwa ba. Ya kwantar da ƙura, ya tayar da ƙamshin ƙasa, ya tura ledoji cikin kwata, ya wuce abinshi. Ina isa gida Ƙofar Kwaya na tarar da ɗana Mubarak ya jawo sungumi daga bayan ɗaki yana kakkaɓe shi.

Na ce, "Sai ina?"

Ya ce, "Gona, Baba, gobe da sassafe. Waya ta nuna ruwa zai jera sati guda."

Gonar da yake faɗi wani ɗan ziri ne da ya rage mani bayan 'yan'uwana sun yanka gonar gado fuloti-fuloti sun sayar. Bana na bar ma Mubarak ita, don ya ishe ni da cewa ya girma. Shekararshi goma sha tara. Ya gama sakandare, ba gaba ba baya. Shi da abokanshi suna da ma'auninsu na girma: babbar waya, babur, da kuma kada a ji ka tambayi kowa komai. Waya yana da ita, babur babu, don haka sai ya riƙe na ukun da ƙarfi.

Na ce, "Ka tona ƙasar ka gani tukuna?"

Ya ce, "Baba, wannan ai zamaninku ne. Ni fa na wuce a riƙa faɗa mani."

Da ya fita sallar magariba na kwance buhun irinshi, na ɗebi abin da na ɗiba na zuba a wani tsohon gwangwani, na tura ƙarƙashin gadona. Bai lura ba. Ya je ya shuke sauran kaf. Sati uku aka yi ko ɗigo bai sake sauka ba, shukar ta ƙone, shi kuma ya shige ɗaki ya rufo. Uwarshi ke miƙa mashi abinci ta ƙofa. Ta ce ta ji yana waya da wani a kan zai bar garin. Na san irin wannan tafiyar. Ba neman abinci ba ce, gudun ido ce, kuma masu yin ta ba kasafai suke dawowa ba. Gwangwanin yana nan ƙarƙashin gado, amma na rantse ba zan fito da shi ba sai yaron nan ya buɗe baki da kanshi. Uwarshi ta ce taurin kai ne. Ta yiwu. Ni ba malami ba ne, aji biyu na yi a sakandare, amma ina da dalilina, kuma ga shi.

Kusan shekara arba'in ke nan, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Wanda bai yi azumi cikin bazarar Katsina ba ya yi shiru in ana zancen ƙishirwa. Tun hantsi bango ke ɗaukar zafi, kafin azahar ba ka iya jingina da shi. Ruwan randa ya yi ɗumi. Ƙadangaru su laɓe a inuwa baki buɗe. Manya su jiƙa mayafi su rufa a ƙirji su kwanta a masallaci, kafin a kira la'asar ya bushe ƙamas. Ga shi daminar da ta gabata ba ta yi kirki ba, rumbunmu ya kai ƙasa tun kafin a ga wata. Inna ta koma auna tsaba da ɗan ƙoƙo. Kunun shan ruwa ya tsinke har kana hango gindin ludayi. Tuwo sau ɗaya ake tuƙawa a raba biyu, rabi bayan magariba, rabi a rufe na sahur.

A gidanmu kwano biyu ake fitarwa. Na Baba a kai zaure, ya ci da duk namijin da ya isa. Na yara akushi ne guda a tsakar gida, mu biyar a kanshi, ni da ƙannena mata huɗu. Shekarata goma sha bakwai ina kokawar loma da 'yan mata. Yunwa ba ta ci mani rai kamar yadda akushin nan ya ci mani ba.

Muna da majalisa a gindin wata bedi ta wajen Gobarau, samari shida. Mu ma muna da namu ma'aunin, kuma bai fi na su Mubarak hankali ba. Namiji shi ne wanda ya kai azumi talatin yana aikin gona bai sha ko ɗaya ba, wanda gemu ya fara leƙowa, wanda ubanshi ya yanka ma gayauna, wato ɗan filin da zai noma na kanshi. Lawal ɗan Malam Dikko, waɗanda muke iyakar gona da su, ya haɗa duka ukun. Gemun nashi gashi uku ne, amma kullum hannunshi na kansu. In na iso sai ya ce, "Ku matsa ma ɗan boko. Rabe, yau wa ya riga kai hannu, kai ko Hajara?" Hajara ita ce autarmu, shekararta biyar.

Ana cikin haka kurkunu ya kama Baba a ƙafa biyu. Ya kwanta, ko bayan gida sai an riƙa shi. Ya kira ni ɗakinshi ya ce, "Rabe, bana kai ne gandu. Ka ajiye littafin nan sai kaka." Wallahi murna na yi. Ban san ƙofar makarantar ke nan ta rufe a bayana ba.

Irinmu yana rataye a madafa, saman murhu, inda hayaƙi ke kore mashi ƙwari. Zangarnun gero da na dawa ne zaɓaɓɓu, an ɗaure su kashi uku, kowane da igiyarshi. Duk yunwar da ake yi, Inna ko ɗaga kai ba ta yi ta dube su. Baba ya ce mani, "Ɗauri na farko na ruwan farko ne, shi ma sai ka tona ka ga danshi ya kai wuyan hannu. Na biyu na ruwan da ya zo ya zauna ne. Na uku ba naka ba ne, na ranar da Allah ya gwada ka ne. Ka ji?"

Na ce na ji.

Ran sha ɗaya ga azumi hadari ya haɗo daga gabas da rana tsaka. Iska ta fara zuwa da sanyi, kaji suka ruga, mata suka hau kwashe shanya. Sai ruwa. Mutane suka fito suka tsaya a cikinshi baki rufe don kada azumi ya karye, yana zuba a kansu suna dariya. Bai daɗe ba ya ɗauke. Na ruga gona bayan ganuwa, na durƙusa na tona. Danshi ya tsaya a gaɓa ta biyu ta yatsana. Ƙasanshi busasshiyar ƙasa ce, har da ɗuminta.

Na dawo Baba ya ce, "Ina ya kai?"

Na kama wuyan hannuna na ce, "Ya kai, Baba."

Ya ce, "To, sauke na farko."

Washegari na sussuke shi na tafi. Ni kaɗai, in sara da sungumi, in dawo in jefa iri in rufe da diddige. Harshena ya zama kamar tsohuwar fata. Kafin la'asar ɗaurin ya ƙare, na tsaya na duba, kashi ɗaya cikin uku kawai na rufe, sauran gonar tana kallona tsirara. Sai ga Lawal ya biyo ta kan iyaka, hannu a aljihu.

Ya ce, "Kai mi kake yi haka? Babana ya ce wannan ruwan na wanke ido ne."

Na ce, "Ku jira babanku. Ni ba ni jiran kowa."

Maganar nan ita ta kai ni ta baro. Tunda na faɗe ta dole in cika ta. Da safe na shiga madafa na sauke ɗauri biyun da suka rage. Inna tana bakin murhu ta ce, "Har na ukun?" Na ce, "Baba ya ce." Inna ba ta taɓa bin diddigin maganar Baba ba. Baba kuwa daga shimfiɗarshi ba ya hango madafa. Kwana biyu na ƙara, na zuba irin gidanmu duka a ƙasar da na san ba ta ƙoshi ba.

Ran na huɗu ya tsiro. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarshi ba. Duk faɗin wajen ja ne, gonarmu kaɗai ta yi kore, layi-layi kamar an jera allurai. Na je majalisa ina taku ɗai-ɗai. Suka sa mani Sarkin Noma, na karɓa. Lawal ya ja gemunshi ya kau da kai.

Daga nan sama ta washe. Kullum da la'asar hadari ya taso, a ji cida daga nesa, iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, aka dawo cikin rana. Ni kuwa kullum ina gona ina kallon abin da ba ni da ikon hanawa. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe. Daga baya ya daina buɗewa. Ya koma toka-toka. Yashi mai zafi ya riƙa dukanshi in iska ta taso. Kafin Sallah, in ka taɓa shi sai ya marmashe a hannunka kamar taba. In na dawo gida Baba ya tambaya, in ce, "Da sauƙi." Shi a lissafinshi ɗauri guda ne ya tafi, kuma dama don haka aka ware shi.

Kwana biyu bayan Sallah ruwan gaske ya zo. Tun safe yake zuba har azahar, indararo na ambaliya, lungu ya zama rafi. Baba ya kira ni, fuskarshi a sake, rabon da in ga haka tun kafin ya kwanta.

Ya ce, "Wannan shi ne. Sauke na biyu. In akwai gurbi a na farko ka cike da na uku."

Na tsaya kamar an dasa ni. Inna tana bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ta ce, "Malam, ai cewa ka yi a sauke duka."

Ruwa na ta zuba a waje. Na so Baba ya jawo sandarshi ya rafka mani, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya dube ni, ya daɗe, sannan ya juya fuskarshi bango ya ce, "Je ka ci abinci da ƙannenka."

Kowa ya fita shuka, mu ba abin shukawa. Masu iri sun zuba nasu a ƙasa, wanda ya rage mashi kaɗan yana riƙe da shi don cike gurbi. Abin da ke kasuwa tsohuwar tsaba ce ta nesa, ba mai tabbacin za ta tsira, mu kuma ko ita ba mu da halin saye. Gonakin mutane suka yi kore, tamu ta koma ja, sai ciyawa. Na riƙa ɗaukar fartanya ina zuwa ina noman gonar da ba komai a cikinta, don kawai kada a gan ni zaune a gida. Majalisa kuwa na daina bi ta hanyarta. Inna ta koma tsinko tafasa a bayan ganuwa, ta dafa ta matse, ta barbaɗa ɗan ƙuli. Wani lokaci ta dama dusa. Hajara ta daina wasa, sai ta zauna a gindin turmi tana kallon mutane. Gida mai mutum bakwai, ga damina tana tafiya, ba mu da ko kara ɗaya a tsaye. Na yi tunanin guduwa. Har na tsaya a tasha wata rana ina kallon motocin kudu. Shi ya sa na ce na san irin tafiyar da Mubarak ke shiryawa.

Bayan sati uku da wani abu Baba ya sake kirana. Tun ranar ruwan nan bai yi mani magana ba sai amsa gaisuwa.

Ya ce, "Dawar mutane ta isa cira. Abin da suka rage daga kowane rami awaki suke ba. In aka ciro shi da saiwarshi ranar da ake ruwa, aka dasa nan take, yana kamawa. Amma sai mai gona ya yarda ya jira maka ranar ruwa, ya kuma cire a hankali. Wannan ba a samunshi sai an roƙa."

Na ce, "To in je wurin Malam Dikko in ce kai ka aiko ni."

Ya ce, "Ni na shuka? Da bakinka za ka je."

Na kwana biyu ina juya abin. Ran na uku na je na durƙusa gaban Malam Dikko a ƙofar gidanshi, muka gaisa, ya tambayi ƙafar Baba, na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon ƙasa. Ya ce, "Ash, ka makara, ɗana. Gandu mun cire shekaranjiya, awaki sun cinye. Saura gayaunar Lawal, ita kuwa ba tawa ba ce. Ka tambayi mai ita. Abokanku ma na ji ba su cire tasu ba."

Daga gidan Malam Dikko zuwa gindin bedi ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Suna nan su biyar, bayan la'asar. Lawal ya hango ni tun daga nesa.

Ya ce, "A'a, Sarkin Noma da kanshi. Ranka ya daɗe, yaushe za a fara cin tumu?"

Suka yi dariya. Na jira suka gama.

Na ce, "Lawal, roƙo na zo."

"Roƙon mi? Kai da ba ka jiran kowa?"

"Cirar dawarka nake so in dasa. Da taku duka, in za ku ba ni. Na ɓata irin gidanmu, ba mu da komai a gona."

Ya gyara zama ya dubi sauran. Ya ce, "To ka ce na fi ka."

Na ce, "Ka fi ni."

Faɗa ya shirya ma, bai samu ba. Ya kai hannu ga gashin nan uku ya ja, ya dubi gefe, sannan ya ce, "Kai dai ba a wasa da kai. In an tashi da ruwa ka fito da wuri. Ka zo da igiya da wuƙa."

Ran na uku aka tashi da yayyafi mai sanyi. Na isa na tarar da su biyar sun riga ni. Suna cira ina ɗaurewa, mu ɗauko a ka mu tsallaka iyaka. Lawal ya nuna mani yadda ake datse kan ganyen don kada ya sha ƙarfin saiwar, a soka sanda a yi rami, a sa, a danne da diddige. Taɓo har gwiwa, haƙora na kaɗawa, cikina ba komai sai ruwan tafasa. Bakin Lawal bai huta ba. "Sarkin Noma, a miƙe ake sa ta, ba a kwance ba. Ko haka aka koya maku a boko?" Na bar shi ya yi ta yi. Wanda ke dasa maka gona yana da ikon zaginka.

Da yamma na dawo jikina duk laka, na nufi tsakar gida wurin akushi. Ashe an kamo Baba an fito da shi zaure, ƙafafunshi a miƙe kan buzu, kwano a gabanshi. Na gaishe shi zan wuce.

Ya ce, "Rabe. Wanke hannu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na wanke na zauna, ya buɗe kwanon. Kwaɗon tafasa ne, irin na yara, sai dai bai kai rabin abin da nake samu a akushi ba. Shekara da shekaru ina hangen kwanon nan ina zaton nama ke ciki. Ashe tun da yunwa ta shigo, in an kawo mashi sai ya ce a rage a ƙara ma yara. Muka ci loma huɗu-huɗu, ya janye hannu ya ce ya ƙoshi. Ni ma na ce na ƙoshi. Ranar na fara koyon wannan ƙaryar, kuma ita kaɗai ce a cikin ƙaryace-ƙaryacena na shekarar da ban yi nadamarta ba.

Sai da muka bi ruwa uku kafin mu rufe abin da ya fi rabin gonar. Dashen ya kwanta kwana da kwanaki kamar ya mutu, sannan zuciyarshi ta miƙe. Gero kam ya wuce mu. Lokacin da unguwa ta cika da ƙamshin tumu, mu muna kan tafasa, sai da ruwa ya ɗauke dawa ta nuna. Abin da muka samu ya kai mu wata bazarar da ƙyar, amma ya kai mu. Na zaɓi zangarnu da hannuna na ɗaure kashi uku na rataye.

Makaranta ban koma ba. Ƙafar Baba ɗaya ba ta sake miƙewa daidai ba, gandu ya zauna a wuyana. Lawal yanzu Alhaji ne, benenshi na tsaye a daidai inda muka yi dashen nan. In ya wuce ni a mota wani lokaci ya ɗaga hannu, wani lokaci gilashi a rufe. Ya fi ni. Na faɗa tun ranar, ban janye ba.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo, irin mai nauyin nan da ba ya gaggawa. Ina zaune a zaure an kawo mani abinci, sai na ji an buɗe ƙofar ɗakin Mubarak. Ya zo ya tsaya a bakin zaure yana latsa waya, ba abin da yake dubawa.

Ya ce, "Baba, wai har yanzu ana samun iri a kasuwa?"

Na ce, "Ana samu, ga mai abin saye."

Na ci gaba da cin abincina. Na ga ya juya kamar zai koma, amma ban kira shi ba. Sai ya sa wayar a aljihu ya durƙusa.

Ya ce, "Na ɓata shi duka. Ban san yadda zan yi ba. Ka nuna mani."

Na tura buta gabanshi na ce, "Wanke hannu."

Ya dube ni bai gane ba, amma ya wanke. Da muka gama na shiga na jawo gwangwanin na dire a gabanshi. Ya buɗe, ya zuba hannu a ciki, ya ɗago.

Ya ce, "Ashe kana da shi tun tuni, ka bar ni ina ta..."

Na ce, "Ka tambaya?"

Ya rungume gwangwanin zai tashi da shi, na ce ya ajiye, ya ɗauko ƙoƙo ya raba shi uku tukuna. Ya ce ai ɗan kaɗan ne, in an raba me zai rage? Na ce ya raba.

Ruwan ya sauka, ya kwana yana yi. Yanzu haka na nemi wanda zai riƙe mani ƙofar makaranta zuwa azahar, Mubarak na waje da sungumi yana jirana. Shi zai durƙusa ya tona, ni zan tsaya a kanshi in ga inda danshin ya tsaya da idona. Ba na karɓar "ya kai" da baki. Na san wanda ya taɓa faɗinta.